Daga Gabi zuwa Maraɗi: doki nawa ke isar mai mota?

Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki, amma in aka zo wajen sayen mota da yawa daga cikinmu kan manta da wannan magana. Ɗan kasuwa ya sami ribar aya ko ta wake, ma'aikaci ya sami rancen banki bayan dogon jira, abin da zai fara tambayar dillali shi ne: doki nawa gare ta? In aka ce masa ɗari biyu sai ya washe baki, in aka ce saba'in ya yamutsa fuska ya ce wannan ai ta ƴan taksi ce. Bayan wata shida kuma sai a tarar da motar a gindin bedi an lulluɓe ta da tamfol, mai ita ya koma hawan kabu-kabu, domin kuɗin mai sun fi ƙarfin aljihunsa.

Saboda haka muka ga ya dace a wannan mako mu ɗauki alƙalami mu yi wa masu karatu lissafi filla-filla: ƙarfi nawa ne mota ke bukata don zirga-zirgar yau da kullum? Mun ɗauki Gabi misali, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, kudu da Maraɗi, dab da iyakar Najeriya. Dalili kuwa shi ne mai mota a wannan yanki yana gamuwa da kowace irin hanya da ake da ita a ƙasar nan: kwalta, da burji mai gargada, da rairayin jigawa, da lakar fadamar gulbin Gabi, wanda ke zuba ruwansa a tafkin Madarunfa. Motar da ta ishi mutumin Gabi za ta ishi na Tasawa da na Dakwaro, balle na Yamai.

Mene ne dokin mota?

Asalin wannan ma'auni daga Ingila yake. A ƙarshen ƙarni na 18 wani injiniya ɗan ƙasar Sikotilan mai suna James Watt yana ƙera injunan tururi, masu sayen su kuwa mutane ne da suka saba sa dawaki su ja ruwa daga ramukan ma'adinai ko su juya dutsen niƙa. Don su fahimci abin da suke saye, sai ya auna aikin doki ɗaya, ya riƙa gaya musu inji kaza zai maye gurbin dawaki kaza. Daga baya Faransawa da sauran ƙasashen Turai suka tsaida nasu ma'aunin: doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 zuwa tsayin mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Wato kamar a ɗauki kashi uku cikin huɗu na buhun gero a ɗora shi bisa bayan mota, a kuma maimaita haka kowace daƙiƙa ba hutawa. A takardun motocin zamani ana rubuta ƙarfin da kilowat. Kilowat ɗaya ya kai doki 1.36, saboda haka motar da aka rubuta mata kilowat 55 tana da doki 75.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Dawakin da ke rubuce a kart-griz, waɗanda ake yi wa alamar CV, dawakin haraji ne. Lamba ce da hukuma ke fitarwa, galibi bisa girman cikin inji, don ta san nawa za a biya na binyet, kamfanin asurans kuma ya san nawa zai karɓa. Peugeot 404 tana da doki 9 a takarda, amma injinta na ba da kimanin doki 72. Peugeot 504 mai inji lita 2 tana da 11 a takarda, ƙarfinta na gaskiya kuwa ya zarce 90. Citroën 2CV, wadda aka fito da ita a 1948, an sa mata sunan doki biyu saboda haraji, alhali injinta na farko na da doki 9. To, duk inda muka ce doki a cikin wannan bayani, na gaskiya muke nufi, sai in mun ambaci takarda.

Abu na biyu da dillali ba ya faɗa shi ne lambar da kamfani ke bugawa ita ce iyakar ƙarfin injin, kuma injin esans ba ya kai wa gare ta sai yana juyi 5,500 ko 6,000 a minti ɗaya, yana kuka kamar zai tsage. Direba mai hankali yana tafiya ne tsakanin juyi 2,000 da 3,000. Mai mota doki 200 kan shekara bai taɓa amfani da rabinsu ba.

Lissafin kwalta

Mota da ke tafiya bisa shimfiɗaɗɗiyar kwalta da gudu ɗaya tana kokawa da abubuwa biyu ne: gogayyar taya da ƙasa, da kuma iskar da take ratsawa. Mu ɗauki ƙaramar mota irin Corolla mai nauyin kilo 1,200. In tana tafiyar kilomita 50 a awa, kamar cikin garin Maraɗi, doki 5 sun ishe ta. In ta hau kilomita 90 a awa, bukatarta ba ta wuce doki 15 zuwa 20. In aka kai ta 120, sai ta nemi wajen doki 30 ko fiye kaɗan.

Mai karatu zai lura cewa bukatar na hawa da sauri fiye da gudun. Iska ce sanadi. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake bukata don ratsa iska yana ninkuwa sau takwas. Shi ya sa motar da aka ɗaura wa kaya bisa rufi, katifu da buhuna da awaki, take shan mai kamar rairayi na shan ruwa, ko da kayan ba su da nauyi ƙwarai. Ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Jihar Maraɗi ba ta da duwatsun da za su sa inji ya yi nishi. Ko a hanya mai lamba 1 zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 660, hawan da ake gamuwa da shi ɗan kaɗan ne, kuma giya ta uku na gamawa da shi.

To, in doki 20 sun isa tafiya, ina amfanin sauran? Amfaninsu na bayyana a wuri biyu: lokacin tashi daga tsaye da lodi, da lokacin wuce babbar mota. Wannan na biyu shi ne mai hatsari. Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya ya san yadda tireloli ke jerin gwano, kuma wanda ya fita layin masu tahowa yana son ya koma nasa da wuri. A ce mota na bayan tirela da gudun kilomita 70, direba na son ya kai 100 cikin daƙiƙa goma. In shi kaɗai ne a ciki, injin zai bukaci wajen doki 55 zuwa 60. In ya ɗauki mutum huɗu da kayansu har nauyin ya kai kilo 1,600, bukatar za ta kai wajen 70 zuwa 75. Daga wannan lissafi ake iya fitar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: doki 50 zuwa 60 ga kowace tan ɗaya ta nauyin mota tare da lodinta. Ga motar iyali ke nan doki 80 zuwa 100 sun wadatar, har da ɗan rara.

Rairayi da laka

Mutumin Gabi zai ce wannan duk zancen kwalta ne, ina labarin hanyar ƙauye? Gaskiyarsa. Cikin rairayi mai zurfi gogayyar taya na ninkuwa sau goma ko fiye bisa ta kwalta. Amma da yake a hankali ake tafiya, lissafin bai kai yadda ake tsammani ba. Ƙaramar mota mai tafiyar kilomita 20 a awa cikin rairayi na bukatar wajen doki 20. Bashe mai ɗauke da buhu goma, wadda nauyinta duka ya kai tan biyu da rabi, na bukatar wajen 40. Babu motar da ke kasuwa a yau da ba ta da wannan.

Me ya sa ke nan motoci ke kafewa? A dubi amalanken shanu. Takarkari biyu ƙarfinsu duka bai cika doki biyu ba, ga shi kuwa suna ratsa jigawa da buhu takwas ko goma na gero, su wuce motar doki 150 tana tsaye tana haƙa wa kanta rami. Shanu na tafiya sannu, ƙafarsu na kama ƙasa, kuma cikin amalanke na sama. Waɗannan abubuwa uku su ne sirrin hanyar ƙauye.

Na farko shi ne ƙarfin murɗa, wato yadda inji ke iya murɗa taya yana juyi kaɗan. Injin gazuwal ya fi na esans a nan, domin yana ba da cikakken murɗinsa tun wajen juyi 2,000. Ƙananan giyoyi kuma na ninka wannan murɗi, shi ya sa kat-kat ke da ƙaramar sanda ta biyu wadda ke rage gudu ta ƙara ja. Na biyu shi ne taya. Tayar da aka cika da iska tam tana yanka rairayi kamar wuƙa, ta nutse. Tsofaffin direbobi kan rage iskar daga kilo biyu da ɗoriya zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, sai tayar ta baje ta yi iyo bisa rairayin. Sharaɗi dai shi ne a je wurin mai faci a maida iskar da zarar an hau kwalta, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Na uku shi ne tsayin cikin mota daga ƙasa. Hanyoyin da amalanke da manyan motoci suka tattake suna da rami biyu da tudu a tsakiya. Ƙaramar motar birni na da santimita 13 zuwa 16 tsakanin cikinta da ƙasa, bashe da kat-kat kuwa 20 ko fiye. Da zarar cikin mota ya zauna bisa tudun, tayoyi sun rataya ke nan, ko dawaki dubu gare ta ba inda za ta.

Da damina kuma, lokacin da fadama ta jiƙe, yawan ƙarfi na iya zama illa. Direba ya taka totur, tayoyi su yi ta juyi a wuri ɗaya, lakar ta yi santsi, motar ta zauna. Wanda ya sa giya ta biyu ya taka a hankali shi ke fita. Iya ruwa fid da kai.

Abin da tsofaffin motoci suka koya mana

Dattawan tashoshin Maraɗi da Madarunfa ba su bukatar wannan lissafi, domin sun gani da idonsu. Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a 1960, da dawakinta 72 ta yi shekaru tana jigilar gyaɗa da ƴan kasuwa a kan hanyoyin da ba su san kwalta ba, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu cikin shekarun 1960. Ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, ita ce ta riƙe hanyar Maraɗi da Katsina da Kano, mutum bakwai ko takwas a ciki, kaya a baya. Renault 4, wadda malaman makaranta da ma'aikatan gona da yawa suka fara mallaka, ba ta wuce doki 34 ba, amma rashin nauyinta da tsayin cikinta sun sa tana shiga inda manya ke tsoro.

A zo kan na baya-bayan nan. Hilux ta gazuwal ta shekarun 1990, wadda har yau ake ganin ta tana ɗaukar itacen dajin Baban Rafi da buhunan hatsi ranar kasuwa, tana tsakanin doki 80 da 90. Land Cruiser mai inji lita 4.2, silinda shida, wadda asibitoci da ma'aikatun raya karkara suka dogara da ita, wadda kuma ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku, wajen doki 130 gare ta, ga nauyi fiye da tan biyu. Taksin Starlet na garuruwanmu na tsakanin 55 da 75. Babur ɗin kabu-kabu da adaidaita kuwa wajen doki 10 ne, su ne kuma ke ɗauke da mafi yawan jama'a da kayansu kowace safiya. Duk tattalin arzikin wannan jiha an gina shi ne bisa bayan injunan da ba su kai doki ɗari ba, sai fa manyan motocin dakon kaya.

Masu satar dawaki

Sau da yawa mai mota kan ce injinsa ya yi masa kaɗan, alhali dawakin da yake da su ne suka zube a hanya. Ɓarawo na farko ƙura ce. Inji na shaƙar iska fiye da yadda yake shan mai nesa ba kusa ba, kuma da hunturu, lokacin da buji da hazo suka rufe gari, matatar iska na toshewa cikin ƴan makonni a hanyar burji. Inji mai toshewar hanci ba ya ja, mai kawai yake sha. Ɓarawo na biyu zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, iska na yin sako-sako, inji ya rasa kashi biyar ko shida cikin ɗari na ƙarfinsa. In aka kunna na'urar sanyi, ita ma ta karɓi doki 3 zuwa 5. A mota mai doki 55 ana jin wannan sosai, a mai 90 kuwa da ƙyar.

Ɓarawo na uku gurɓataccen mai ne. Man ruwa-ruwa da ya kwana cikin jarka da kwalba a rana, ƙura da ruwa na shiga, wani lokaci ma a gauraya shi, yana toshe hanyoyin mai. Tsofaffin injuna na haƙuri da shi. Na zamani masu turbo da kwamfuta, waɗanda ke matso doki 130 daga inji lita ɗaya da ƴan kai, ba su yafewa, kuma gyaransu na bukatar na'urar bincike da ba kowane gareji ke da ita ba. Sai na huɗu, wanda ya fi kowa ɓarna: lodi fiye da kima. Motar mutum biyar a cusa mata tara, bashe ta tan ɗaya a ɗora mata biyu. A nan ƙa'idar doki 50 ga kowace tan ta rushe, inji ya yi ta nishi, lagireto ya tafasa, kuloci ya ƙone, birki kuma ya kasa tsaida abin da ba a yi shi dominsa ba.

Wannan na nuna cewa ƙarancin ƙarfi shi ma matsala ne. Wanda aikinsa ɗaukar kaya ne ya sayi ƙaramar mota don tsimin kuɗi, zai biya bambancin a gareji. Inji ƙarami da ake wahalarwa kullum na shan mai kusan kamar babba, ya kuma mutu da wuri.

Kuɗin ciyar da dawaki

Wanda ya taɓa kiwon doki ya san saye ba shi ne wuya ba, harawa da dawa ne. Haka mota. Babban injin esans na shan mai daidai girman cikinsa ko yana aiki ko yana zaman banza, kuma galibi yana zuwa ne cikin mota mai nauyi. Ƙaramar mota mai inji lita 1.3 zuwa 1.6 na shan lita 7 ko 8 a kilomita 100. Kat-kat ta esans mai silinda shida na shan wajen 15, mai silinda takwas ta fi haka.

Mu yi lissafi da farashin da gwamnati ta tsaida a watan Yulin 2024, wato sefa 499 litar esans, 618 litar gazuwal. Ma'aikacin da ke aiki a Gabi iyalinsa na Maraɗi, yana kai da kawowa har ya cika kilomita 1,000 a wata, in motarsa na shan lita 7 zai kashe kusan jika 35. In tana shan 15 zai kashe kusan jika 75. Bambancin jika 40 ne kowane wata, kusan daidai da mafi ƙarancin albashin da aka tsaida, wato jika 42. A shekara kuwa jika 480 ke nan, kuɗin da zai cika rumbu da gero ya biya wa yara makaranta. Ba mu sa binyet da asurans ba, waɗanda ke hawa tare da dawakin takarda, ba mu sa manyan tayoyi ba, ba mu sa baƙin mai ba, wanda babban inji ke cin ninki biyu na ƙarami.

Wani zai ce ai muna bakin iyaka, mai na da araha. An yi wannan zamani. Shekaru da dama rangwamen da gwamnatin Najeriya ke yi wa man fetur ya sa ruwa-ruwa ya fi na gidan mai sauƙi a duk faɗin jihar Maraɗi, har bayan da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011. A ranar 29 ga Mayun 2023 sabuwar gwamnatin Najeriya ta janye rangwamen, farashi ya tashi, ƴan ruwa-ruwa da yawa suka nemi wata sana'a, jama'a suka koma gidajen mai. A watan Maris na 2025 kuma aka yi ƙarancin esans a ƙasar nan, aka ga dogayen layuka a manyan garuruwa. A irin wannan rana mai lita 7 na yin mako da abin da mai lita 15 zai ƙone cikin kwana uku. Manyanmu kuma ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyaran mota suka yi tsada cikin dare ɗaya, manyan motoci da yawa suka hau bulo. Haka nan rufe iyakar Benin a 2023 ya toshe hanyar Kwatano, inda mafi yawan motocinmu na hannu suka saba fitowa a da, masu shigo da su suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tsada ta ƙaru. Mai sayen mota ya kamata ya yi lissafinsa da ranar tsanani a zuciya.

Gudu da rai

Akwai hasarar da ta fi ta kuɗi. Mota mai ƙarfi na yaudarar direba. Ba ya jin kuka, ba ya jin girgiza, sai ya duba allo ya ga 130. Amma birki da taya ba su san dawaki ba, gudu da nauyi kawai suka sani. Bisa kwalta mai kyau, motar da ke gudun kilomita 60 na bukatar kusan mita 40 kafin ta tsaya, in aka haɗa da daƙiƙar da direba ke yi kafin ya taka birki. Mai gudun 120 na bukatar fiye da mita 110. A kan burji tazarar ta fi haka. Hanyoyinmu kuma ba namu ne mu kaɗai ba: akwai amalanke marar fitila da magariba, akwai garken shanu, akwai yara masu tallar zogale da rogo a bakin hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce kan gaba, ga ta kuwa ita ce mafi ƙarancin motoci.

Mece ce ribar gudun? A tafiyar kilomita 50, irin wadda mutanen gundumar nan ke yi kullum, mai gudun 90 zai isa cikin minti 33, mai gudun 120 cikin minti 25. Minti takwas ke nan, ba su kai a sha shayi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma wata magana da mazauna yankin iyaka suka fi kowa sani. Tun wajajen 2019 ƙauyukan kudancin Madarunfa, har da na Gabi, sun sha fama da ɓarayin shanu da masu sace mutane don neman fansa. A irin wannan wuri, motar da ke shelar arzikin mai ita tun daga nesa ba lallai ta zama alheri gare shi ba. Ɗan kasuwa mai hangen nesa kan bar ƙawa a birni.

Kowa da tasa

Ga abin da lissafin ya ba mu a taƙaice. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da zirga-zirgarsa ta tsaya cikin gari da kan kwalta, daga gida zuwa ofis, daga Maraɗi zuwa Madarunfa ko Jiratawa, doki 60 zuwa 80 sun ishe shi. Mai iyali da ke yawan doguwar tafiya zuwa Yamai, Damagaram ko Kano da mota cike da na'urar sanyi a kunne, ya nemi 90 zuwa 110. Wanda aikinsa ke kai shi ƙauyuka, malamin gona, malamin asibiti, mai sayen hatsi daga manoma, ya fara duba tsayin cikin mota da lafiyar ƙafafunta kafin ya tambayi dawaki. Bashe ko kat-kat ta gazuwal mai doki 90 zuwa 130 za ta kai shi ko'ina rani da damina. Abin da ya haura 150 na masu jan tirela ne ko masu wani aiki na musamman. Ga sauran jama'a ado ne, ado kuwa mai iko ke yi da rarar kuɗinsa, ba da rance ba.

Kafin a biya kuɗi kuma, akwai tambayoyin da suka fi ta doki amfani. Lita nawa take sha? Ana samun kayan gyaranta a kasuwar Maraɗi ko Katsina, ko sai an aika Kwatano ko Dubai? Makanikin garinmu ya san injinta? Doki nawa ke rubuce a takarda, nawa za a biya kowace shekara? A tafi da makaniki amintacce ya saurari injin da sanyin safiya, ya dubi hayaƙi, ya leƙa ƙarƙashi. A gwada ta da mutane a ciki, a kan burji, a cikin rairayi. Sayen mota bisa maganar dillali kawai sayen kifi a ruwa ne.

Ranar da mota ke nuna darajarta a ƙauye ita ce ranar da mace ke naƙuda da tsakar dare, ruwa na zuba, ana neman kai ta asibitin Madarunfa ko na Maraɗi. A wannan dare ba mai tambayar doki nawa. Abin tambaya shi ne ko akwai mai a tanki, ko batir zai tashe ta, ko tayoyinta za su kama hanya. Motar da mai ita ke iya ciyarwa da gyarawa a kan kari ita ce za ta amsa kira. Allah ya ba mu abin hawan da ya dace da ƙarfinmu, ya tsare mu a hanya, ya maido kowa gidansa lafiya.